Kiran da Ya Kai Ni Deptford

Litinin: Kano zuwa Abuja

Ba a kira assalatu ba muka fito da jaka. Hajiya Binta, mai ɗakina, ta tsaya a bakin ƙofa tana haska min takalmi da tocila tana mita ƙasa-ƙasa. Wai mutum ya tsufa, gwiwa tana ƙara in ya durƙusa, amma don an ce ana kiran sunansa a Landan sai ya hau rawar jiki kamar wanda za a naɗa wa sarauta. Gaskiya ta faɗa. Rawar jikin nake yi, kuma ko kunya ban ji ba.

Bari in faɗa muku wanda yake kiran. Ina da aboki, Bitrus, mutumin Zonkwa. Tare muka yi karatun safiyo a Landan muna samari, ɗaki ɗaya muka zauna a unguwar Deptford, tukunya ɗaya, hita ɗaya. Ni na gama na dawo gida na kama aikin gwamnati, shi ya auri Baturiya, Margaret, ya zauna a can. Kowace Sallah shi ke kirana, kowace Kirsimeti ni ke kiransa, haka muka tsufa. Margaret ta rasu shekarun baya. Bana Sallah ta zo ta wuce ban ji muryarsa ba.

Sai ga 'yarsa Hannatu ta kira ni, da Turanci, don Hausarta ba ta wuce "sannu" da "na gode" ba. Ta ce babanta ya samu shanyewar ɓarin jiki. Turancin da ya shekara da shekaru yana yi ya gudu daga bakinsa ƙaf, kuma tun da aka sallamo shi daga asibiti a watan Oktoba kalma ɗaya yake maimaitawa, safe da yamma: Sani, Sani. Ta ce, "Uncle, kai yake kira." Sunana ke nan. Na ajiye wayar na shiga ɗaki na rufe ƙofa, don ba na son jikoki su ga idona.

Da ma akwai bizar da Kabiru, ɗan ƙanwata da ke aikin likita a Landan, ya nema min don a duba min ido, ina ta jan ƙafa. Yanzu kam ƙafa ta saki.

Malam Ado direba ya ɗauke ni shata. Muka yi sallar asuba a Kwanar Dangora, rana ta fito mana kafin Zariya, inda muka tsaya na sha koko da ƙosai mai zafi a tsaye. Shingayen jami'an tsaro kuwa ban ƙirga ba, na bar wa Malam Ado wannan aikin tunda shi ke sauke gilashi. Bayan Kaduna wani soja matashi ya leƙo.

"Baba, ina zuwa?"

"Landan."

Ya dubi motar tun daga gaba har baya, ya dubi tayar da ta suɗe. "A wannan?"

"In Allah ya yarda," in ji Malam Ado.

Sojan ya yi dariya har bindigarsa na rawa, ya ce mu wuce, mu gaida Turawa. Mun shiga Abuja bayan la'asar, na kwana a gidan wani tsohon abokin aikina a Kubwa. A jakata akwai garin kunu da tsamiya da Hajiya ta ƙulle, duk da mitar da ta yi. Kilishi kuwa Kabiru ya riga ya yi kashedi, ya ce in na ɗauko a filin jirgi za a cinye min shi da ido a jefa a shara.

Talata: cikin jirgi

Jirgin safe ne. Na samu kujerar taga, na zuba wa hamada ido har ta ƙare teku ya karɓa. Abincin da suka kawo ba laifi, sai dai shinkafar ba ta san gishiri ba.

Tunanin zuwana na farko ya hana ni barci. A lokacin Bitrus ya riga ni da shekara guda, kuma ba mu taɓa haɗuwa ba, ɗalibai ne suka ce masa wani Bakano zai iso, a taimaka a tarbe shi. Na sauko daga jirgin ƙasa a tashar Victoria cikin babbar riga ta shadda, don na leƙa ta taga na ga rana tar a sama. Ina fitowa na ji kamar an watsa min ruwan randa. Ga wani dogo baƙi a tsaye da kwat biyu, ɗaya a jikinsa ɗaya a hannu, yana dariya har da hawaye. Abin da ya fara ce min a duniya shi ne, "Malam, ranar garin nan fitila ce kawai, ba ta da wuta."

A Heathrow jami'ar shige da fice ta tambaye ni abin da ya kawo ni. Na ce duba ido, da kuma wani abokina marar lafiya da yake kirana. Ta ɗago ta dube ni, ta buga hatimi ta ce tana masa fatan sauƙi. Kabiru yana jirana a waje da katuwar rigar sanyi a hannu. Muka fita sai na tarar ana yayyafi, iska kuma lumui, ba cizo.

"Wannan ne sanyin da kuke cika mana baki da shi? A zamaninmu wannan ai bazara ce."

"Kawu, ba ka ga forecast ba ne," in ji shi. "Cold front ne yake tahowa, iskar sanyi mai ƙarfi. Jibi war haka za ka nemi rigar nan da kanka."

Laraba: Marylebone

Kabiru yana zaune a wani flat a bayan Edgware Road, yana tafiya asibitinsu na Marylebone a ƙafa. 'Ya'yansa biyu suna jin Hausa sarai, amma in ka ce "ina kwana" sai su amsa da Turanci suna murmushi, kamar sun yi maka alfarma. Na so in wuce Deptford tun da safe, Hannatu ta ce yau ranar gashin ƙashin Bitrus ce a asibiti, in ya dawo a gajiye yake, in bari sai gobe. Na wuni kamar mai jiran sakamakon jarrabawa.

Aka duba idon da hantsi, aka ce yanar ido ce ta fara, ba ta gaggawa ba. Daga nan na yi ta yawo ni kaɗai. Gidajen suna nan yadda na bar su, jan bulo da baƙaƙen ƙofofi, amma shagunan duk sun sake. Inda muke sayen burodin jiya da araha yanzu ana sayar da turare. Na shiga wani wuri na sha shayi, da aka faɗi kuɗin na juya shi zuwa naira a zuci, sai shayin ya daina daɗi.

Da magariba muka zauna gaban talabijin ana hasashen yanayi. Wata mata ta tsaya gaban taswira, ga wani shuɗin layi mai haƙora kamar na zarto ya ratso daga saman Scotland. Ta ce iskar ɗumin da ta zauna a ƙasar makonnin nan za ta kau. Layin zai sauko kudu cikin dare, ruwa a gabansa, iskar arewa a bayansa. Arewacin ƙasar da tsaunuka za su sha dusar ƙanƙara mai yawa, tsakiya za ta samu rabonta, Landan da kudu maso gabas su ne na ƙarshe, amma in ya iso zai zauna, ba na kwana biyu ba ne. Hanyoyi za su yi santsi, jiragen ƙasa za su yi jinkiri. Ta rufe da cewa a riƙa leƙa tsofaffi da marasa lafiya.

Bitrus ne ya koya min karanta wannan taswira. Muna da wata tsohuwar talabijin da sai an mare ta take kawo hoto. In layin mai haƙora ya bayyana sai ya tashi ya nuna shi da cokali ya ce, "Ga surukinka nan tafe, Sani, tashi ka toshe taga." Sai mu bi ramukan taga da tsofaffin jaridu, mu jawo katifu kusa da hita, mu dafa shinkafa da wake mu ci a tukunya. In na tashi sallar asuba shi ke dafa min ruwan alwala, yana gunaguni wai addinina ba ya tausayin mutane. Ran Lahadi ni ke tashinsa kada ya makara coci. Ban taɓa jin daɗin talauci irin na wannan ɗakin ba.

Alhamis: Deptford

Ruwa ya kwana yana zuba, da hantsi ya ɗauke. Na shiga tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, a Baker Street na sauka a London Bridge, na hau jirgin ƙasa mai bi ta fili zuwa Deptford, tafiyar ba ta kai a gyara zama ba. Ina fitowa daga tasha na ga sama ta washe, shuɗiya tas, rana tar. Iska ta juyo daga arewa ta shiga min ta wuyan riga. Na ce a raina, to, suruki ya iso. Na zuge rigar Kabiru har haɓa, ban kuma gaya masa ba.

Ba ranar kasuwa ba ce, babu rumfuna a titi, sai shaguna. Amma warin bushasshen kifi da manja yana nan, ga doya a jibge a ƙofar shagunan mutanenmu na Afirka ta Yamma. Na tsaya gaban gidan da muka zauna. An yi masa fenti, tagarmu ta sama an sa mata sabon gilashi da tukunyar fure. Na daɗe a wurin har wata mata ta leƙo tana dubana, na wuce.

Bitrus yana hawa na huɗu a wani dogon gini na council, wato ƙaramar hukuma, kusa da kogi. Hannatu ta buɗe ƙofa, doguwa kamar ubanta, ta rungume ni tana kuka kafin in yi sallama. Akwai kuma Rosa, mai jinyar da ke zuwa kullum, 'yar Filifin, mace mai fara'a. Falon da ɗumi daidai gwargwado, har na cire rigata. Hannatu ta ce kullum suna ajiye shi a bakin taga, don ya ga kogi ya sha rana, tunda ya fito daga ƙasar rana.

Yana can kuwa a kujera, jikin gilashi, cikin 'yar shet da suwaita marar nauyi. Dogon nan ya naɗe ya zama ɗan kaɗan. Gefen bakinsa na dama ya saki. Na jawo kujera na zauna a gabansa, ya dube ni kamar yadda ake duban mai karanta mita. Na yi ta maza na fara gaisuwa yadda aka saba.

"Bitrus, ina kwana?"

Idonsa ya motsa. "Lafiya," ya ce, a hankali, harshe na ja.

Hannatu ta dafe baki. Ta ce wata uku ba ta ji wata kalma daban daga bakinsa ba.

"Ina gajiya?"

"Ba... gajiya."

"Yaya jiki?"

"Da sauƙi."

Gaisuwa ba ta bukatar tunani, a ƙashi take zaune. Na ci gaba da jero ta kamar yadda kowane Bahaushe zai yi a irin wannan rana, ban nufi komai ba.

"Yaya sanyi?"

Amsar da aka sani ita ce "lokacinsa ne". Bai faɗe ta ba. Sai ya miƙo hannunsa na hagu mai lafiya ya damƙe nawa da ƙarfin da ban zaci yana da shi ba, ya kafe ni da ido, ya ce, "Sanyi. Sanyi. Sanyi."

"Ka ji ko!" in ji Hannatu da Turanci, tana dariya tana hawaye. "Ya gane ka! Ka ji yana kiran sunanka!"

Hannun da ke cikin nawa kamar an ciro shi daga firji. Na kai ɗaya hannuna jikin tagar, na ji iska siririya tana shigowa ta gefen firam, daidai wuyansa. Sunana ana jan farkonsa, Saani. Wannan kalmar ba a ja, kuma akwai "y" a cikinta, wadda shanyayyen harshe ya haɗiye. Kunnen da bai tashi da Hausa ba ba zai raba su ba. Wata uku bawan Allah yana faɗa wa mutanen da ke ƙaunarsa cewa sanyi yake ji, su kuma suna shafa kansa suna cewa Sani yana nan zuwa.

Ba zan ɓoye muku ba, abin ya yi min ciwo. Na ratso hamada da teku ina tafe da fankama a ciki, cewa duk duniya ni kaɗai na rage a kan Bitrus, ashe ba ni ba ne. Na kalli fuskar yarinyar nan cike da murna. Har na ji zuciyata tana cewa in bar ta da murnarta, in ce kawai a ƙara masa bargo. Amma ni Lahadi zan tafi, sanyin kuwa yanzu ya iso, kuma gobe zai sake faɗar kalmar.

Na ce, "Hannatu, zauna. Ba ni yake kira ba."

Na yi mata bayani. Na faɗi kalmomin biyu a jere, sau uku, har ta ji bambancin. Sai ta taɓa hannun ubanta, ta taɓa wuyansa, ta zame ƙasa ta kifa kai a gwiwarsa. Rosa ta ruga ta duba na'urar auna ɗumi da ke bango, ta ce ai lambar daidai take, kullum tana dubawa. Na ce mata lambar ba ta yi ƙarya ba, amma a tsakiyar ɗaki take, shi kuwa yana bakin taga, kuma jinin tsoho ba ya gudu. Na ce wa Hannatu ta daina cewa laifinta ne. Wanda bai damu da uba ba ba ya kiran wani tsoho daga Kano saboda kalma ɗaya.

Daga nan aiki ya tashi. Muka ja kujerar zuwa kusa da hita. Rosa ta kawo barguna biyu. Ni na sauka titi na sayo safa mai kauri, da hular ulu, da jakar robar nan da ake cika wa ruwan zafi a rungume, da salatif mai faɗi. Na bi gefen tagar na liƙe tsaf, hannuna bai manta ba. Sannan na shiga kicin na jiƙa tsamiya na dama kunu, Hannatu tana tsaye tana kallo. Da cokali ta riƙa ba shi. Ya sha rabin kofi, gumi ya ɗan tsattsafo masa a goshi, ya lumshe ido ya yi barci. Ta ce rabon da ya yi barcin rana ba tare da kiran nan ba har ta manta.

Da zan koma na tarar jirage sun rikice. Kabiru ya kira ya ce, "Kawu, an yi cancel ɗin na London Bridge, kada ka tsaya a platform, na yi maka booking ɗin mota." Direban ɗan zangon Kumasi ne, da ya ga hulata sai ya saki Hausa.

"Alhaji, sanyi nan ba wasa. Matana ya ce yau ba ya fita ko'ina."

"Matarka ce ya ce?"

"E, shi ne. Ya fi ni wayo."

Na yi dariyar da ban yi ba tun safe. Muka haye kogi ta Tower Bridge, fitilu sun kama, mutane na sauri kowa ya cusa wuya cikin riga.

Juma'a: Regent's Park

Da safe motocin da ke layin Kabiru duk sun yi fari, ana kankare gilashi da kati. Muka tafi masallacin Regent's Park a ƙafa, muna taka-tsantsan saboda santsi. Ciyawar lambun ta daskare tana ƙara a ƙarƙashin takalmi, agwagi sun taru a ɗan gefen tafkin da bai ƙanƙare ba. Bayan an idar na haɗu da 'yan gida a harabar, ɗalibai da likitoci da wasu dattawa, kowa ka gaisa da shi sai ya ce "yaya sanyi", ka ce "lokacinsa ne". Na amsa wa mutum biyar haka, a na shida sai hannun Bitrus ya faɗo min a rai.

Muna fitowa dusar ƙanƙara ta fara sauka, siririya, ba ta zama a ƙasa sosai. Na wuce Deptford. Ranar kasuwa ce amma rabin masu rumfuna sun naɗe kayansu. Na tarar da Bitrus cikin hula da bargo, kumatunsa sun ɗan yi jini. Na wuni ina yi masa hira da Hausa, labarin mai gidan hayarmu da karenta, da ranar da muka ƙona tukunya muka ce wa maƙwabta haka abincinmu yake wari. Wani lokaci ya yi kamar zai yi murmushi, wani lokaci ya bi bango da kallo. Hannatu ta kawo wayarta ta ce in faɗi kalmomin da zai iya bukata ta ɗauki muryata, na faɗa mata ruwa da yunwa da zafi da ciwo da fitsari, ita da Rosa suna maimaitawa suna karya harshe.

Asabar: sallama

Sanyin ya kai inda matar talabijin ta ce zai kai. Numfashi yana fita kamar hayaƙi, kogin ya yi toka-toka. A arewacin ƙasar an ce an rufe hanyoyi da makarantu.

Na iske shi a farke, idonsa ya fi na kullum haske. Muka gaisa har ƙarshe, da na ce yaya sanyi ya ce, "Da sauƙi." Hannatu ta gane wannan, ta shige kicin da sauri.

Na zauna har la'asar. Da na miƙe na ɗauki hulata na ce masa zan koma gida, sai ya dube ni da kyau, irin duban da mai gida yake yi wa baƙon kirki.

"Malam... daga ina?"

"Daga Kano."

Ya yi ta tauna kalmar. Can fuskarsa ta saki, ɓangaren da ke iya motsi ya yi murmushi sosai, irin na tashar Victoria.

"Kano. Ina da... aboki. A Kano."

"Allah?"

"Mutumin kirki." Ya nemi sunan, na ga yana nemansa, leɓensa na motsi, bai samu ba. Ban taya shi ba. Ya gaji ya bari, ya kama hannuna, yau da ɗuminsa. "In ka je... ka gaishe shi."

Na ce, "Zai ji."

Na sauka hawa huɗun nan a ƙafa, ban jira lif ba, don ba na son a tsaya kusa da ni.

Lahadi da Litinin: komawa

Jirginmu ya yi jinkiri, sai da aka wanke fukafukansa da wani ruwa saboda ƙanƙara. Kabiru ya raka ni har inda ake tsayar da masu rakiya, na miƙa masa rigarsa na ce ta yi amfani, ya ce da ma ya sani. Muka sauka Abuja, zafi ya tarbe ni a bakin ƙofar jirgi kamar ɗan'uwa. Na sake kwana a Kubwa. Kafin in kwanta saƙon Hannatu ya shigo, ta ce tun ranar Alhamis bai sake faɗar kalmar nan ba ko sau ɗaya. Na ce alhamdu lillahi, kuma har zuciyata na faɗa.

Malam Ado ya zo da sassafe da motarsa, ya sake taya. Muka biyo hanya, Kaduna, Zariya, muka shigo Kano ana kiran la'asar. Ina godiya ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, da Kabiru da iyalinsa da suka riƙe ni, da Hannatu da Rosa da suke riƙe da abokina, da direbobin da suka yi haƙuri da surutuna. Wanda duk ya karanta wannan, in yana da tsoho a ƙasar sanyi, ya kira shi ya gaishe shi da harshen da aka yi masa goyo da shi, kuma ya saurari amsar.

Hajiya ta kawo min ruwa ta zauna a gefen tabarma, ta bar ni na sha na huta. Mitar nan duk ta ajiye ta.

"To, Malam, ya gane ka?"

Na ce, "Ya ba ni saƙo in kawo wa wani abokinsa a nan Kano. Ya ce mutumin kirki ne, in gaishe shi."

Ta daɗe tana dubana. Sannan ta gyara mayafinta ta ce, "To ka amsa mana."

Na ce, "Ina amsawa."